Mahaifiyar ƙawata ta hana a ba ta maganin ciwo, yaya zan yi?

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawara. Aminiyata tun ta makarantar allo tana fama da sankarar mama, kuma ciwon ya kai ga ƙashin baya. Idan ya motsa da dare, sai ta damƙe gefen katifa tana salati, gumi na tsiyaya mata, ko juyi ba ta iya yi.

Likita ya rubuta mata morphine na ruwa, ya ce a riƙa ba ta duk bayan awa 4, kada a jira ciwon ya taso. Kwana biyun farko har barci ta samu. To, Inna ta kulle kwalbar a durowa. Cewa take wannan da kodin ɗin da gwamnati ta hana a 2018 duk jirgi ɗaya ya kwaso su, ba za ta bari 'yarta ta zama 'yar ƙwaya ba. Sai ta ji kuka ya yi yawa take ɗan ɗiga mata. Ga kuma cushewar ciki da maganin ya kawo, abin ya ƙara tsorata ta.

Na san ƙauna ce ta sa, kuma ni ba jininsu ba ce. Ta yaya zan fahimtar da Inna ba tare da na yi mata rashin kunya ba? Ko in roƙi likitan ya zauna da ita?