Karneval der Kulturen a Berlin: ya dace in je da iyali kuwa?

Baban Hanifa

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka daɗe a Berlin ina neman shawararku. Ni sabon zuwa ne, karatu ya kawo ni, uwargida da yara biyu sun biyo ni ƙarshen hunturun nan, babbar shekararta 7 ƙaramin ko 4 bai cika ba. A makarantar su Hanifa ne aka ba su labarin bikin nan Karneval der Kulturen, wai za a yi kaɗe-kaɗe da raye-raye na ƙasashen duniya a titi, tun ranar yarinyar nan ta hana ni sakat. Na leƙa YouTube na ga abin da ya burge ni sosai, na kuma ga abin da ya sa na yi turus, shigar wasu masu rawar da kuma kwalabe a hannun mutane. To wace rana ce ta fi dacewa da mai yara? Ana samun abincin halal a wurin ko sai mun yi guzuri? Sallah fa, akwai masallaci kusa? Ku faɗa min gaskiya ko da cewa za ku yi in haƙura.

Maman Yasmin

Wa alaikumus salam Baban Hanifa, sannunku da zuwa, a gaida min uwargida. Ni dai nawa ra'ayin ku je, amma ku san ranar da za ku je da lokacin da za ku tattara ku dawo gida, shi ke nan sirrin.

Kwana huɗu ake yi, Juma'a zuwa Litinin, a hutun Pfingsten na Kiristoci da ke faɗowa Mayu ko Yuni. Abu uku ne a ciki mutane ke haɗa su wuri ɗaya. Akwai kasuwar biki da dandamalin mawaƙa a Blücherplatz cikin Kreuzberg, ka sauka tashar Hallesches Tor ga shi nan gabanka, shiga kyauta ne. Akwai jerin gwanon yara ran Asabar wanda aka saba ƙarewa a Görlitzer Park. Sai babban jerin gwano ran Lahadi, shi ne wanda ka gani a bidiyo, shi ke tara dubban ɗaruruwan mutane. Da daga Hermannplatz yake tashi ya bi Hasenheide da Gneisenaustraße, amma a 2025 an mayar da shi Frankfurter Allee da Karl-Marx-Allee saboda aikin hanya, don haka ka duba shafinsu kafin ka fito kar ka je ka tsaya inda ba kowa.

Da yara kamar naka Asabar ita ce taku. Yara ne ke fitowa da kayan da suka ɗinka a makarantu da ƙungiyoyinsu, an yi musu fenti a fuska, ga ƴan ganguna, ba turereniya irin ta Lahadi kuma ba ka cika ganin abin da zai sa ka rufe wa yaro ido ba. Sallah kuma ba matsala, masallacin Umar bin Khaɗɗabi yana nan daf da tashar Görlitzer Bahnhof, da ƙafa za ku taka, akwai na Mevlana a Kottbusser Tor, in kuma ta wajen Hasenheide kuke akwai Şehitlik na Turkawa a Columbiadamm. Kuma lokacin rana na da tsawo, magariba sai bayan tara na dare, kun ga azahar da la'asar ne kawai za su same ku a waje.

Ka rubuta lambar wayarka da biro a hannun kowane yaro, wannan kar ka yi wasa da shi. Ƙaramin a samo masa abin toshe kunne. Keken turawa kuma in Lahadi ce a bar shi gida wlh wahala zai zame muku.

Abu Sumayya

Malam ni ba zan ɓoye maka ba, ban ga abin da zai kai magidanci da matarsa wurin nan ba. Giya ake sha a fili, mata da maza a cakuɗe, wasu matan kusan tsirara. Yaro abin da idonsa ya gani shi yake ɗauka. Ka kai su Tierpark su ga dabbobi ko filin Tempelhof su yi gudu su sha iska, ya fi maka kwanciyar hankali. Allah ya tsare mana zuri'a.

Alhaji Ɗan Zango

Amin Abu Sumayya. Abin da ka faɗa akwai shi, ba wanda zai ce ƙarya ka yi, musamman in yamma ta yi motocin disko na ƙarshen layi suka iso, ni kaina nan nake juyawa gida. Amma bari in ba ku yaran nan labarin inda abin ya samo asali don mu da muka zo daga Kumasi tun kafin a haifi wasunku ba kallon shagali kawai muke masa ba.

Bayan an rushe katangar Berlin a 1989 ƙasar ta haɗe a 1990, baƙo ya ga tashin hankali a Jamus. A 1990 ɗin aka yi wa Amadeu Antonio ɗan Angola dukan da ya yi ajalinsa a Eberswalde, nan kusa da mu. A Agustan 1992 a Rostock aka kwana ana jifan gidan baƙi ana cinna masa wuta, ƴan Biyetnam na ciki, mutanen unguwa na tsaye suna tafi. Nuwamban shekarar aka ƙona gida a Mölln mutum 3 suka rasu, a Mayun 1993 a Solingen mata da yara 5 ƴan gida ɗaya, Turkawa, musulmi ƴan uwanmu. Lokacin in kai baƙar fata ne akwai jiragen da ba ka shiga in dare ya yi, akwai unguwannin da ko da rana sai ka yi addu'a. A cikin wannan hali ne wata cibiya a Neukölln, Werkstatt der Kulturen, ta fara bikin nan a 1996, sun ɗauki misali daga na Notting Hill a Landan. Manufar ita ce baƙon da ake so ya sunkuyar da kai ya fito tsakiyar titi da rana tsaka da kayansa da gangarsa, ƴan sanda su tare masa hanya, Bajamushe ya tsaya gefe yana kallo yana tafa masa. Ranar da na fara ganin haka sai da na yi ƙwalla, ban ji kunyar faɗa ba.

Kuma ba rawar samba ta ƴan Barazil kaɗai ba ce Baban Hanifa, ita ce dai masu kyamara ke bi. Ka tsaya ka ga Turkawa da Kurdawa da davul da zurna, wlh ka rufe ido sai ka rantse ganga da algaita ake yi a ƙofar fada, su kama hannun juna su yi layi na gaba yana kaɗa ƙyalle, tsofaffi da jikoki, matan da yawa da ɗankwalinsu. Ƴan Bolibiya na da rawar caporales, maza da takalma dogaye an jera musu ƙararrawa, in suka buga ƙafa tare sai ka ji titi ya amsa. Ƴan Koriya da farin kaya da gangunansu da faifan ƙarfe. Masu capoeira na Barazil, wasan da bayin da aka kwasa daga Afirka suka bari, ana kaɗa musu wani baka mai tsirkiya ɗaya da ƙwarya a gindi. Ga ƴan Gini da Senegal da djembe. Yaron da ke tasowa a nan, wanda kullum shi ne daban a aji, yana da kyau ya ga ranar da kowa daban ne. Shekara uku da korona ta hana yi, 2020 zuwa 2022, ni na ji rashinsa.

Abin da ke damuna ɗaya ne, mu Hausawa kullum ƴan kallo ne. Ga mu nan ƴan Gana da Nijar da Najeriya da Togo da Kamaru, in suna ne ko ɗaurin aure mu cika zaure, amma ni dai idona bai taɓa ganin kalangu ko babbar riga a cikin layin nan ba. Wanda bai fito ba ai ba zai ce an nuna abin da bai dace ba alhali shi bai kawo nasa mai kyau ba.

Badamagare

Alhaji Allah ya ƙara girma, ka gama magana. Ni bari in taɓa ɓangaren ciki tunda na taɓa taya wani abokina tsare rumfa a Blücherplatz.

Baban Hanifa abinci ba za ka rasa ba amma ka riƙa tambaya, kar ka ji nauyi, sun saba. Bratwurst da Currywurst yawanci alade ne, a wuce su. Empanada na ƴan Latin Amurka da su dambun naman Asiya da ake naɗewa a fulawa sai ka tambayi abin da ke ciki. Wanda hankalinka zai kwanta da shi gözleme na Turkawa, matan na murza shi a gabanka su zuba cuku ko alayyafo ko dankali, yara na son shi sosai, sai falafel, kuma in ka samu na ƴan Sudan da suke zuba wa miyar gyaɗa to ka dace. Rumfunan Afirka ta Yamma akwai jollof, soyayyar ayaba, yassa da mafe na ƴan Senegal da Gambiya, da yawansu musulmi ne za ka ji suna sallama da juna, duk da haka ka tambayi naman. Ƴan Habasha da Eritiriya na kawo injera, akwai ta wake da ganye zalla.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne abin sha. Za ka ga ana ta yanka lemun tsami ana dakawa da sukari da ƙanƙara a kofi, gwanin sha'awa ga zafi, to caipirinha ke nan, barasar rake ce a ciki. Kusan duk taku goma akwai mai sayar da ita. In za ka saya wa yara wani abu ka ce ohne Alkohol, wato ba barasa, ka kuma tsaya ka ga an haɗa. Kofin ma akwai Pfand a kansa, wato kuɗin ajiya, ka mayar a ba ka kuɗinka. Ka zo da tsabar kuɗi don ba kowace rumfa ke karɓar kati ba, kuma abincin biki ya fi na gari tsada nesa ba kusa ba, kuɗin hayar rumfa ne suke fanshewa. Ni in da iyali nake sai mu ɗanɗana abu ɗaya biyu a can, cin ƙoshi kuma mu gangara Sonnenallee wajen Larabawa. Ruwa da su biskit ku saya tun Asabar, Lahadi da Litinin ɗin manyan kantuna a rufe suke.

Af, tunda ɗan karatu ne kai, maƙabartar da ke jikin Blücherplatz ta ɓangaren Mehringdamm nan kabarin Heinrich Barth yake, Baturen da ya shiga Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya bi ta Agadas da Katsina da Zinder ɗinmu har Tumbutu. A Berlin ya mutu a 1865.

Abu Sumayya

Alhaji na ji bayaninka kuma ban san tarihin ya kai haka ba, Allah ya jiƙan waɗanda aka zalunta. Ni dai har yanzu Lahadin nan ban yarda da ita ga mai iyali ba. Ta yaran ran Asabar in haka take kamar yadda Maman Yasmin ta faɗa, wannan da sauƙi.

Baban Hanifa

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Mun yi magana da uwargida, Asabar za mu je in sha Allahu, mu yi azahar a masallacin Görlitzer ɗin, daga nan mu leƙa Blücherplatz a ci gözleme mu dawo kafin yamma ta yi. Lahadi ni kaɗai zan fita da wuri in ga masu zurna ɗin nan.

Alhaji maganar fitowarmu kuma kar ta tsaya a nan dan Allah. Akwai wani ɗan Zariya a sashenmu da ya iya kalangu sosai, yana da shi ma a ɗakinsa, kuma uwargida tela ce ta ce kayan yara ita za ta ɗinka in an samo yadi. Wa ya san yadda ake rajistar ƙungiya da watan da suke rufe karɓa? Ko ta yaran ce mu fara da ita baɗi.