Hatsin Najeriya da Nijar: Abin da Aka Tattauna

1. Kan yadda za a auna noman hatsin ƙasashen biyu, kusan kowa ya yarda kada a kwatanta jimillar tan kaɗai. Najeriya ta fi Nijar nesa ba kusa ba, amma a raba da yawan jama'a tukuna.
2. A duba shekaru goma a jere, domin farin 1973 da na 1984 sun karya noman ƙasashen biyu.
3. An rabu kan abin da ya sa noman gero ya fi ƙaruwa a Nijar fiye da Najeriya. Wasu sun ce ƙaruwar Nijar ta faɗaɗa gonaki ce, kadada ba ta ƙara albarka ba. Wasu sun ce manoman Najeriya ne suka koma masara da shinkafa. Ni dai na ga duka biyun gaskiya ne.
4. A yi hattara da alƙaluma: hatsin da ke yawo tsakanin kasuwar Dawanau ta Kano da Maraɗi ba duka ake rubutawa ba.