Shin wiwin sinadari yana taɓa jikin ƙwaƙwalwa ne, ko maye ne kawai?

Dan_Gwale: Assalamu alaikum. Masana, ina da tambaya kan wannan wiwin da ake haɗawa da sinadari, wanda ake kira Colorado a nan, Spice ko K2 a Turai da Amurka. Yana lalata ƙwaƙwalwar kanta ne, ko in mayen ya sake shi ke nan?

Mai_Harhaɗa_Magani: Wa alaikumus salam. Ai ba wiwi ba ne. Busasshen ganye ne aka fesa wa sinadari, irin JWH-018 da aka gano cikin Spice a Jamus a 2008. A ƙwaƙwalwa akwai wasu makarɓa, wato wuraren da sinadari ke maƙalewa ya yi aiki, da ake kira CB1. Sinadarin THC na tabar wiwi rabi-rabi yake kunna su, waɗannan kuwa har ƙarshe suke murɗa su. CB1 ɗin sun fi yawa a hifokamfas mai adana tunani, da gaban goshi mai yanke shawara, da ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya mai daidaita tafiya. Kuma feshin ba ya zama daidai, ƙulli ɗaya na iya ninka wani ƙarfi nesa ba kusa ba.

Hajiya_Likita: Ƙari a kan bayanin malam. Binciken hoton MRI da aka yi a Turkiyya, inda ake kiransa Bonzai, ya nuna talamas (mahaɗar saƙonni a tsakiyar ƙwaƙwalwa) da ƙaramar ƙwaƙwalwar masu sha sun ƙanƙance, farin sashen da ke ɗauke da jijiyoyin sadarwa kuma ya yi rauni. Sai dai a yi hattara, mutum ashirin-ashirin ne aka duba.

Ɓarnar da ba gardama a kanta ita ce ta farat ɗaya. Sinadarin na danne GABA, wato birkin ƙwaƙwalwa, sai farfaɗiya ta taso, in ta daɗe kuwa ƙwayoyin halittar hifokamfas mutuwa suke yi. Ga hauhawar jini da tsukewar jijiyoyi, har matashi ɗan shekara ashirin ya samu shanyewar ɓarin jiki. A jihar Ilinois ta Amurka a 2018, an gauraya shi da maganin ɓera brodifacoum, mutane suka yi ta zubar da jini, wasu a cikin kai.

Dan_Gwale: To in an daina fa, Hajiya?

Hajiya_Likita: A masu shan wiwi zalla, CB1 da shan ya raunana na farfaɗowa cikin kusan mako huɗu da dainawa. Amma wurin da jini ya yanke wa, tabo ne. Wanda ya daɗe yana sha, a kai shi asibiti ya daina a gaban likita, don dainawar kanta na iya tayar da farfaɗiya. A faɗa wa likitan abin da ya sha, gwajin fitsari na yau da kullum ba ya kama shi.