Adashina ya kusa fita: in buga littafin ko in bar shi a waya?

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Don Allah shugabar zaure a ɓoye sunana.

Shekara uku ke nan ina rubutu a WhatsApp. Littafina na huɗu shi ne na farko da na sa wa kuɗi: shafi ashirin kyauta, mai son ci gaba ta turo naira 500 in sa ta a zauren masu biya. Ban kai rabin labarin ba aka fara fitar min da shi. Abin da ya fi ƙona min rai, ƙawata ce ta turo min wai "karanta wannan, ya yi daɗi," ba ta san nawa ba ne, don an goge sunana. Daga baya na ji wani yana karanta shi a YouTube, ko sallama bai yi min ba.

Ƙarshen watan nan zan kwashi adashi, zuciyata kuma ta karkata ga bugawa, ko na riƙe abu a hannu da sunana a bangonsa. Maigida bai hana ba, sai dai ya ce wa zai sayi abin da kowa ya riga ya karanta? A Gusau nake, ban san ta inda ake farawa ba. Ku ba ni shawara.

Hajiya, daga Kano: Wa alaikumus salam ƙanwata. Maigidanki bai yi ƙarya ba. Mu da muka buga lokacin da kasuwar ke ci, labari ɗaya mukan raba shi na ɗaya, na biyu, na uku, kuɗin na farko su buga na gaba. Amma ko a lokacin, kai wa 'yan kasuwa a Sabon Gari bashi ne, sai sun sayar su biya. Na yi sintiri har takalmina ya sanni a hanya. Akwai wanda ya biya ni da littattafan wasu, wai in je in sayar! Yau da 'yan mata ke karatu a waya, in kika jibge kwafi dubu, ƙarƙashin gado za su kwana, gara ta yi walima. Ki sanar a zaurenki cewa za ki buga, mai so ta fara biya. Yawan waɗanda suka biya, ki ɗora kaɗan a kai, shi za ki buga. Kuma ki ƙara wa labarin abin da babu a na waya, ko babi biyu ne.

Wani ma'aikacin maɗaba'a: Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara, takardar da muke aiki da ita yawanci daga waje take zuwa, dala na motsi farashi na motsi, don haka kuɗin da aka faɗa miki yau kada ki ɗauka shi ne na wata mai zuwa. Kwafi kaɗan kuma kowane ɗaya ya fi tsada. Kada ki biya duka a tashin farko. A yi a rubuce: kwafi nawa, wace irin takarda, yaushe za a ba ki. Ki ce sai kin ga samfuri ɗaya kafin a saki inji, ki duba ƙ da ɗ da ɓ, don wasu kwamfutoci akwati suke mayar da su. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Laburaren Ƙasa ake samu, ki nema da sunanki, in an gama bugu kuma a kai musu kwafi uku. In a Kano za ki sayar, ki fara tambayar ƙa'idar Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i.

Wata 'yar uwa, daga Maraɗi: Ni dai anti da kin sayi keken ɗinki. Littafin ki sa a manhajar da ba a iya kwafa.

Hajiya, daga Kano: Manhaja ma ba gidan gado ba ce, 'yata. OkadaBooks fa, manhajar sayar da littattafai, rufewa ta yi a 2023. Duk inda za ta sa, ta ajiye nata a wuri biyu.

Malamin Hausa, daga Zariya: Malama, ni ba kuɗin ne damuwata ba, rubutun ne. Ban karanta naki ba, amma abin da ake yafewa a waya takarda ba ta yafe shi: "xan" a maimakon "zan," kalmomi a manne, magana ba a san bakin wa ta fito ba. Ki ware wani abu daga adashin ki ba wanda ya san ƙa'idojin rubutu, ba ƙawar da za ta ce miki "ya yi" ba. Reshen ƙungiyar marubuta ta Najeriya, ANA, na jiharki ko na Kano za su iya haɗa ki da mai gyara. Batun mai karantawa a YouTube kuwa, haƙƙin mallaka naki ne tun ranar da kika rubuta, ba sai kin buga ba. Ki tara shaidar ranakun da kika fara sakin shafukan, ki yi masa magana ta lalama. In ya ƙi, YouTube na da fom ɗin ƙorafi, suna kuma saukewa. Ga gasar Hikayata ta BBC Hausa da ake yi wa mata tun 2016, gajeren labari take buƙata, ba ta cin ko sisi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sanar a zaurena jiya da dare, zuwa safiya mutum goma sha bakwai sun ce suna so. Hajiya, in fara karɓar kuɗin ne ko in jira a gama gyara?

Hajiya, daga Kano: Ki jira gyaran da farashin maɗaba'a tukuna. Kuma "ina so" ba kuɗi ba ne, ƙanwata. Ki rubuta sunayensu, ranar biya za ki ga ko nawa ne suka rage.