T ɗin jikin injin motar rimot: juyi za mu ce ko naɗi?

Mai Rimot: Salamu alaikum jama'a. Ina haɗa ɗan bayani da Hausa don masu motar rimot ta hawan duwatsu, irin mai girman 1/10, a kan yadda ake zaɓen sabon inji idan na ciki ya ƙone ko burushinsa, wato ɗan gawayin da yake kai wuta cikin injin, ya cinye. Inji na ce da gangan, don kada in wayi gari ina rubuta "motar motata ta mutu". Inda na cije shi ne lambar nan da ake bugawa a jikin gwangwanin: 27T, 35T, 55T, har 80T. T ɗin turns take nufi. Ni dai na sa "juyi", wato inji mai juyi 35. Ya zauna ko a sake lale?

Ɗan Tsere: Ya zauna mana. Wa zai ji juyi ya kasa ganewa? A wuce wurin.

Baba Mai Kwayil: Wa alaikumus salam. Ɗana, bai zauna ba, kuma ba don iyayin harshe na faɗa ba. Ka ajiye wa yaro inji biyu, ka ce wannan mai juyi 27 ne, wancan mai juyi 55, ka tambaye shi wanne ya fi gudu. Wallahi 55 zai nuna maka, don a kunnenmu abin da ya fi juyi shi ya fi sauri. To akasin haka ne. Mai 27 zai bar mai 55 a baya nesa ba kusa ba. Kalmar da za ta sa mutum ya sayo kishiyar abin da yake nema ai ba ta yi aikinta ba.

Ka kwance gwangwanin ka zaro amecha, wato abin da yake juyawa a cikin injin, ka gani da idonka. Ƙafafu uku ne a jikin sandar tsakiya, kowace an nannaɗe ta da wayar jan ƙarfe mai sheƙi, bakin wayar an maƙala shi a wurin da burushi yake gugar sa. Lambar nan ƙidayar sau nawa wayar ta zagaye ƙafa ɗaya ce. Tun a masana'anta aka yi ta aka gama, ba ta motsi. Mu da muke wannan aiki a fanka da injin ruwa naɗi muke cewa. Wurin naɗin kuma ba ya ƙaruwa, saboda haka mai son cusa 55 dole ya sa siririyar waya, mai 27 ya samu sararin sa mai kauri. Siririya mai tsawo ba ta barin wuta ta wuce da yawa, shi ya sa injin yake tafiya a natse, batir ya daɗe, zafi ya ragu.

Malamar Hausa: Baba ya gama magana. Na auna "zagaye" ma, amma ciwonsa ɗaya da juyi, taya ma zagayawa take. "Murɗi" kuma ya fi kama da abin da injin yake yi wa sandar, a bar shi can, za a buƙace shi. Naɗi yana shiga jimla ba tare da an tura shi ba: mai naɗi 35, mai yawan naɗi, mai ƙarancin naɗi.

Ɗan Tsere: To na sauka, Baba, a gafarce ni. Yanzu ma na ga inda juyin zai yi amfani. Injin da ba shi da burushi ba a cika rubuta masa T a wannan harkar ba, KV ake sa wa, ita kuwa juyi ce ta gaskiya: sau nawa yake juyawa a minti ɗaya a kan kowane volt idan ba ya ɗauke da kaya. Mai 1800KV a batir na volt 7.4 zai yi juyi 13,320, a na 11.1 kuma 19,980. Nan babbar lamba ita ce gudu, can babbar lamba ita ce natsuwa. Da mun kira su duka juyi da mun haɗa wa mutane rikici.

Sannan akwai batun ko gaba injin yake juyawa ko baya. Motar Traxxas TRX-4 tana zuwa da injin Titan 550 mai naɗi 21 wanda yake juyin baya. Ka ga a jimla ɗaya ana buƙatar kalmomin biyu.

Mai Rimot: Madalla. Ke nan in rubuta a taƙaice cewa yawan naɗi shi ne yawan ƙarfi?

Baba Mai Kwayil: A'a, tsaya ɗana, nan ne ake yawan zamewa. Mai yawan naɗi yana ba da murɗi mai yawa a kan kowace 'yar wutar da ya ja, wannan gaskiya ne. Amma mai ƙarancin naɗi yana iya zuƙar wuta ninkin haka, kuma idan taya ta maƙale a tsagin dutse ana son a fizge ta, shi ne mai fizgar. Abin da mai hawan dutse yake saya a yawan naɗi biyayya ce. Ka ɗan taɓa kunamar rimot, taya ta motsa kamar faɗin yatsa, ta tsaya, motar tana tsaye da ƙafa uku a gefen dutse ba ta kife ba. Mai naɗi 12 na tsere ba zai yi maka wannan ba, zabura zai yi. Mai 80 kuma zai yi, amma ranar da ka iso gangare mai santsi da yake son taya ta yi gudu, sai dai ka bi ta da kallo. Shi ya sa yawancin masu harkar suke zama tsakanin 27 da 55, kuma 35 ba ta cika ba mutum kunya ba.

Kuma ka gargaɗi masu karatunka: akwai amecha mai ƙafa biyar. Ta fi mai uku laushin tashi, amma lissafinta daban. Naɗi 16 a mai biyar ya fi naɗi 16 a mai uku sanyin gudu sosai, kada a jera lambobin a layi ɗaya.

Malamar Hausa: Tunda an zauna, ga wata. Cogging ɗin nan da injin da ba shi da burushi kuma ba shi da sansa yake yi in za a tashi a hankali, ya yi kat-kat-kat kafin ya kama hanya, ni in'ina nake ce masa.

Ɗan Tsere: Malama, wannan ba sai an kaɗa ƙuri'a ba. Kuma dalilin da ya sa ake neman mai sansa ke nan, don na'urar sarrafa gudu ta san inda maganaɗisun yake tun kafin ya motsa.

Mai Rimot: An sa duka biyun, naɗi da in'ina. Ni mai naɗi 35 zan ɗauka. A lambar girman gwangwani 540 ce a cikin motata, ina tunanin in haura 550.

Baba Mai Kwayil: Kaurinsu ɗaya, kusoshin ma wuri ɗaya suke shiga, amma 550 ta fi tsawo. Ka sa ma'auni a bayan injin tukuna ka ga ko akwai wuri. Kuma ka tsaya a mai waya biyu, wato mai burushi, in ka ɗauko mai waya uku marar burushi sai ka canza na'urar sarrafa gudun ita ma.