Me ya sa Gombe ta juya wa tashar jirgin ƙasa baya?

Ɗan Herwagana:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Makon jiya na raka wani kawuna Kasuwar Katako, da muka gama abin da ya kai mu sai ya ja ni muka leƙa tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda ya daɗe tsaye yana nuna mini wurin da ake jibge buhunan gyaɗa da dilolin auduga lokacin yana yaro. Abin da na gani da idona ciyawa ce ta rufe layin dogo, sai tsofaffin taragai da tsatsa ta cinye. Daga nan muka hau Keke Napep zuwa Tumfure, kuma tun daga tsakiyar gari har can babu abin da ke gefen titin Bauchi sai sababbin benaye masu jerin shaguna, da gidajen mai, da kantuna masu ƙofar gilashi. An haife ni bayan an ƙirƙiro jihar Gombe, saboda haka ban san garin da kawuna yake ba ni labari ba. Ina roƙon waɗanda suka ga jiya su fahimtar da ni yadda aka yi harkar kasuwanci ta tashi daga wajen tasha ta koma bakin kwalta. Sannan idan gyaran layin dogon da ake ta magana ya tabbata, shin garin zai sake waiwayar wancan ɓangaren, ko kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe?

Tsohon Ma'aikacin Reluwe:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya, domin yawancin sa'o'inka suna wuce wurin nan ba tare da sun san cewa shi ne ya mayar da Gombe babban gari ba. Na yi aiki a kan wannan layi tun ina saurayi har na yi ritaya.

Layin da ka gani reshe ne na dogon gabas wanda ya taso daga Fatakwal. An fara shimfiɗa ɓangarenmu daga Kuru kusa da Jos a 1958 da bashin Bankin Duniya, ya iso Bauchi a 1961, ya shigo Gombe a 1963, ya dangana da Maiduguri a 1964. Ka lura cewa garin kansa ba tsoho ba ne sosai, domin fadar masarautar da Buba Yero ya kafa ta zauna a Gombe Abba, ta koma Nafada, sai a 1919 aka dawo da ita nan Gombe Doma. Wato garin bai cika shekara 50 da zama fadar sarki ba jirgi ya same shi, kuma jirgin ne ya ba shi girman da ya wuce na maƙwabtansa. Audugar ƙasar Kumo da Dukku da Deba nan ake kawo ta, a gurje ta a injin kamfanin auduga na Turawa, BCGA, wanda har yau unguwar take amsa sunansa, a ɗaure ta diloli, mu loda a tarago. Gyaɗa, wake, fatu, shanu, duk haka. Jirgin da ya dawo daga kudu kuma ya zo da gishiri da kananzir da kwanon rufi da manja, tare da mutanen da suka zo ciniki suka zauna har suka haifi 'ya'ya da jikoki a nan. Ranar da jirgin fasinja zai iso, tun da hantsi masu tuwo da masu shayi da 'yan dako suke kama wuri, kuma mutum yana iya ciyar da gidansa na mako guda da cinikin wannan rana.

Mutane suna yawan cewa manyan motoci ne suka kashe jirgi. Akwai gaskiya a ciki, amma ni da na ga abin a kan idona ina cewa kayan da jirgin yake ɗauka ne suka fara mutuwa. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun karya noman gyaɗa, kuɗin man fetur ya sa gwamnati ta mayar da hankali kan kwalta, sannan a 1986 aka rusa hukumomin sayen amfanin gona waɗanda su ne suke tara kaya wuri guda su cika taragai. Simintin Ashaka, da aka fara yi a 1979, ya ɗan riƙe layin, domin akwai reshen da ya shiga har masana'antar. Amma da kan jirgi ya lalace babu kayan gyara, gada ta karye a yi watanni ba a taɓa ta ba, albashinmu ya riƙa makara, sai ɗan kasuwa ya ga cewa tirela mai tsada da za ta kai kaya cikin kwana biyu ta fi masa tarago mai araha da ba a san ranar isarsa ba. An dawo da jirgi na ɗan lokaci a ƙarshen mulkin Jonathan, mun je mun tarbe shi da murna har wasunmu suka yi hawaye, bai daɗe ba ya sake tsayawa.

Hajiya Mai Atamfa:

Baba ya faɗi na jirgi, Allah ya ƙara masa lafiya. Ni zan yi magana a kan shagunan da ka gani, ƙanena, domin sama da shekara 20 ke nan ina sayar da atamfa da leshi a Babbar Kasuwa, kuma na taɓa gwada kama shago a ɗaya daga cikin benayen nan.

Abin da ya ja garin zuwa yamma, wato wajen Tumfure da titin Bauchi, shi ne samun jiha a ranar 1 ga Oktoba 1996. Ma'aikatan da suke zaune a Bauchi suka dawo gida da iyalansu, kowa yana neman fuloti, kuma cikin gari ya riga ya cika. Daga baya aka buɗe jami'ar jiha a 2004, aka gina filin jirgin sama a Lawanti a kan hanyar Bauchi, sannan rikicin Boko Haram ya koro 'yan'uwanmu na Borno da Yobe da Adamawa, masu hali a cikinsu suka sayi filaye suka buɗe shaguna. Mai albashi da mota yana son wurin da zai ajiye motarsa ya shiga ya ɗauki kaya da farashi a rubuce, shi ya sa benayen suka bi shi har ƙofar gidansa.

Sai dai kada ƙyallin gilashi ya sa ka ɗauka cewa kasuwa ta tashi. Shekara guda na yi a bene na dawo rumfata. Kuɗin haya na shekara ake biya gaba ɗaya, ga man janareta, ga kuɗin mai gadi, kuma matar da ta zo daga Bajoga ko Billiri haɗa lefen ɗanta ba za ta hau bene ba, tana son ta zauna a kan benci ta taya, in ce albarka, ta ƙara, in sallama, wani lokaci ma ta bar cikon kuɗin sai bayan kaka. Yawancin masu kantunan nan ma a cikin kasuwa ko a Kantin Kwari na Kano suke saro kayansu. Ka je Tudun Hatsi bayan girbi ka ƙirga motocin da ake lodawa masara da wake zuwa kudu, za ka san inda kuɗin garin nan yake kwana. Ko a Kano mai yawan jama'a, Shoprite da ya buɗe a Ado Bayero Mall a 2014 ya rufe a farkon 2024, alhali Kwari da Singa da Sabon Gari suna nan cike. Abin da yake damuna shi ne an bar kasuwannin da talaka yake ci a cikinsu da cunkoso da wayoyin lantarki a harɗe, ga hanyoyin da motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba, kuma duk shekara sai mun ji an yi asara.

Mai Safiyo daga Bauchi:

Ina gaida Baba da Hajiya. Mu ma a Bauchi haka unguwar Railway ta koma, gari ya miƙe ta Yelwa da hanyar Jos, yanzu kuma hankali ya koma kan gadar sama ta Wunti. Game da tambayarka ta biyu, malam, aikin da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a watan Maris na 2021 gyaran tsohon layi ne mai faɗin milimita 1,067, ba irin na Abuja zuwa Kaduna mai 1,435 ba, kuma zuwa 2024 ɓangaren Fatakwal zuwa Aba ne ya fara ɗaukar fasinja. Ko jirgin ya iso Gombe, a ganina ba zai dawo da gidaje da kantuna wajen tasha ba. Abin da zai iya dawowa shi ne kaya masu nauyi, wato hatsi da siminti da taki da dabbobi, kuma wannan kaɗai zai rage tirelolin da suke farfasa mana hanyoyi. Sharaɗin shi ne a kare filin reluwe tun yanzu, domin a wurare da dama an yi gini har gab da dogo.

Akwai kuma abin da ba a cika haɗa shi da wannan zance ba. Gombe a cikin kwari take, tudun yana yamma, ruwa kuma gabas yake gangarowa. Duk filin da aka share aka rufe da kwano da siminti a sama, ruwan da ƙasa take shanyewa a da yanzu tsofaffin unguwanni yake nufa, ta cikin ƙasa mai yashi da ba ta da wuyar zaizayewa. Wanda ya ga ambaliyar 2004 ya san abin da nake nufi. Bene a Tumfure da kwarin da yake cin gidaje a cikin gari lissafinsu ɗaya ne, shi ya sa nake ganin bai kamata a ba da izinin gina rukunin shaguna ba sai an ga inda ruwan rufinsa zai bi.

Ɗan Herwagana:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gidanmu yana cikin waɗanda ruwa yake shiga duk damina, kuma ban taɓa danganta hakan da gine-ginen sama ba sai yau. Baba, idan ba zan takura maka ba, ina so in zo da kawuna ranar Asabar bayan la'asar mu same ka a tashar, ka nuna mana inda sito da ma'aunin kaya suke, in ɗauki hotunansu tun ginin yana tsaye.

Tsohon Ma'aikacin Reluwe:

Babu takura ɗana, Allah ya kai mu. Ka zo da takalmi mai rufi saboda ciyawar ta yi tsawo, ni kuma zan zo da tsohuwar fitilar hannu da muke ba jirgi alama da ita, tana nan a ɗakina.