Hanyar Duwala zuwa Njamena: me kuka gani da idonku?

Malamin makaranta, Kuseri:
Assalamu alaikum. Tun da aka buɗe gadar da ta haɗa Yagwa a Kamaru da Bongor a Cadi a watan Afrilun 2025, ina ta tunanin cewa Cadi, wadda ba ta da bakin teku, ta daɗe tana dogara da gadar Ngeli da ke nan garinmu wajen shigo da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Duwala a Kamaru. Ina roƙon waɗanda abincinsu ke kan wannan hanya su faɗa mana abin da suka shaida.

Direban tirela, Ngaundere:
Wa alaikumus salam, Malam. Shekara ashirin ke nan ina ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, inda layin dogon ya tsaya tun 1974, kuma abin da na lura shi ne duk lokacin da shugabanni suka sami saɓani, mu ne muke fara jin sa a jikinmu. A 2023, da Cadi ta janye jakadanta daga Yawunde saboda rikicin hannun jari a bututun man da ya tashi daga Doba a Cadi zuwa Kiribi a gaɓar tekun Kamaru, ba a rufe iyaka ba, amma maigidana ya hana mu lodi na kwana biyu don tsoron kada motocinsa su maƙale a ƙetare. Wanda tashar jiragen ruwa ke hannunsa ba sai ya ɗaga murya ba, sai dai Kamaru ma tana cin kuɗin wucewar man, don haka kowa na riƙe da wuyan rigar ɗan'uwansa.

Hajiya mai atamfa, Bongor:
Alhaji ya faɗi gaskiya. Da can a kwalekwale muke ƙetare kogin Logon, da damina kuwa sai mutum ya yi shahada kafin ya shiga. Yanzu ina zuwa Yagwa in dawo kafin azahar, ko da yake tsayuwa a gaban ma'aikatan iyaka ba ta ragu ba. Kuɗin gadar daga Bankin Raya Afirka da Tarayyar Turai ya fito, kuma ban yarda cewa don Allah kaɗai suka bayar ba.

Direban tirela, Ngaundere:
Hajiya, gada ta yi kyau, amma ki tambayi masu bin Mora zuwa Dabanga. Bayan da Boko Haram ta sace ma'aikata goma 'yan Sin a Waza a 2014, aikin hanyar ya tsaya shekaru, kuma a nan na taɓa kwana huɗu cikin laka da lodin siminti.